Darasi na Tara: 'Ya'yan da Aka Sauya wa Suna

Karatu: Daniyel 1:1-7 da Fitowa 2:1-10.

Bari mai jagora ya fara da tambayar taro: Su wane ne abokan Daniyel su uku? Ko yara ma za su amsa da sauri, Shadrak da Meshak da Abednego. Amma waɗannan ba su ne sunayen da iyayensu suka raɗa musu ba. A gida ana kiransu Hananiya da Mishayel da Azariya, kowane suna kuwa yana ɗauke da ambaton Allah na Isra'ila. Sarkin bayin Nebukadnezzar ne ya kawar da su, ya sa waɗansu na Babila. Har wa yau sunayen Babila mu ke koya wa 'ya'yanmu, na gida kuwa kaɗan ne su ke tunawa da su.

Mu lura da dabarar sarki. Bai kashe samarin ba, bai kuwa sa su cikin mari ba. Ya ba su ɗaki a fada, da abinci daga akushinsa, da malamai, har shekara uku. Abu uku kaɗai ya raba su da shi, watau gida da harshe da suna. Ya sani idan an raba yaro da waɗannan, ba sai an ɗaure shi ba, gama ba shi da inda zai gudu.

Muna so a ce arna kaɗai ke yin wannan. Amma a ƙasar Kanada da sunan Almasihu aka yi shi. Tun daga ƙarni na 19 gwamnati ta haɗa kai da ikilisiyoyi, aka gina makarantun kwana domin 'ya'yan mutanen asali na ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a can. Gwamnati ke ba da kuɗi, Katolika da Anglikan da Metodis da Presbiteriyan ke riƙon makarantun. Yara wajen 150,000 suka bi ta cikinsu, ba a kuwa rufe ta ƙarshe ba sai cikin shekarun 1990. Ran da yaro ya iso akan aske masa kai, a tuɓe masa tufafin gida, a ba shi lamba da sunan Turawa. Idan ya yi magana da harshen uwarsa sai bulala. Wa da ƙanwa suna makaranta ɗaya, ba dama su gaisa. Tun a 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya rubuta cewa tarin fuka yana cinye yaran saboda cunkoso da rashin iska, aka ajiye takardarsa. Da aka kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu a 2008, mutum fiye da 6,000 suka ba da shaida, rahotonta na 2015 kuma ya ƙidaya yara 3,200 ko fiye da suka mutu, da yawa ba a ko rubuta sunansu ba. Waɗansu shaidu sun faɗi ƙazantar da masu kula da su suka yi musu da dare, abin da ba ya faɗuwa a gaban taro.

Abin bai ƙare ran da aka rufe ƙofa ba. Wanda ya girma ba a taɓa goyonsa ba, yaya zai san goyo? Da yawa suka koma gida ba su jin maganar kakanninsu, su baƙi a gida, baƙi kuma wurin Turawa. Waɗansu suka faɗa giya, waɗansu suka kashe kansu, 'ya'yansu da jikokinsu suka gaji ciwon da ba su san mafarinsa ba. Shugaban Anglikan na Kanada, Michael Peers, ya nemi gafara a 1993, Paparoma Francis kuma ya je Maskwacis a Yuli 2022 ya yi haka nan. An daɗe ƙwarai kafin a faɗi wannan kalma.

Kada mu ce Kanada nesa ta ke. Daga Toronto aka taso da aikin SIM a 1893, wanda ya haifi ECWA a 1954. Dokta Stirrett, Bature Mai Magani, mutumin Kanada ne. Ba mu ce abin da aka yi a can shi aka yi a nan ba. A nan ba a kafa doka ta kwashe 'ya'yan kabila duka ba, an ma hana mishan shiga yawancin ƙasashen sarakunan Musulmi. Duk da haka akwai yara da aka tara a gidajen mishan, ya kuwa kamata mu san labarinsu.

Bayan da Turawa suka hana cinikin bayi, suka riƙa ƙwato yara daga hannun fatake. Gwamnati ta ajiye su a wani gida a Zungeru, a 1909 kuma aka miƙa su ga mishan na SUM a Rumasha, wadda a ke kira Umaisha, a bakin Binuwai, kudu da Abuja. An sa wa gidan sunan Lucy, matar Karl Kumm wadda ta rasu. Daga baya aka mai da shi Wukari, aka rufe shi a 1925. Babu mai shakka an cece su daga bauta. Waɗansu sun zama masu bishara da malamai da tafintoci. Amma da yawa an sato su tun suna ƙanana, suka girma da Hausa da Turanci, ba su san sunan garinsu ba, balle hanyarsa. Ɓarawon mutane ne ya fara raba su da gida, gidan mishan kuwa bai iya mayar musu da shi ba.

Labarin da ya fi nauyi shi ne na gidajen kutare. A 1937 SIM ta karɓi riƙon Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A zamanin nan babu magani mai warkarwa sosai, ana kuwa tsoron jariri ya ɗauki ciwon a jikin uwarsa. Saboda haka akan ɗauke jaririn a kai shi ɗakin reno na mishan. Masu jiyya sun yi wannan da kyakkyawar niyya, waɗansunsu sun ƙare ƙuruciyarsu suna wanke miki wanda dangi ma su ke gudu. Amma ku tsaya a gefen uwar. Ta shigo neman magani, ga nono yana zuba, ɗanta yana wani ɗaki a hannun baƙuwa. Yaron ya tashi da waƙoƙin ikilisiya, ita kuwa Musulma ce, dangin ubansa suna can ƙauye. Idan ya girma na wane ne? Yau mun sani ba a gadon kuturta, yawancin mutane ba su ɗaukarta, tun shekarun 1980 kuma ana warkar da ita da haɗin magunguna cikin watanni. Amma shekarun da uwa da ɗa suka yi a rabe, ba maganin da ya mayar da su.

Wani zai ce, ai daga irin makarantun nan manyan mutane suka fito. Gaskiya ne. Yaran da Dokta Miller ya tara a Zariya, da makarantar Wusasa, sun ba Arewa likitanta na fari, Dokta Dikko, da Farfesa Ishaya Audu. Daniyel ma ya zama babba a Babila. Amma Littafi bai taɓa yabon Nebukadnezzar a kan haka ba. Annabi Ishaya ya riga ya faɗa wa sarki Hezekiya za a kwashe zuriyarsa zuwa fadar Babila, a matsayin hukunci kuwa ya faɗe shi (Ishaya 39). Allah yana iya fid da alheri daga ɓarna, wannan ikonsa ne, bai zama izni ga mai ɓarna ba. Ku duba kuma Daniyel a tsufansa, tagar ɗakinsa a buɗe wajen Urushalima, garin da ya bari yana saurayi.

Karatunmu na biyu ya nuna wata hanya. 'Yar Fir'auna ta tsamo jariri daga ruwa, ta cece shi daga mutuwa. Da 'yar'uwar yaron ta ce za ta nemo mai shayarwa daga Ibraniyawa, ta yarda, har ta biya lada. Allah ya shirya uwar Musa ce ta goye shi. Daga ina ya san mutanensa, da Allahn kakanninsa, in ba daga shekarun nan ba? Duk da haka rabon ya bar masa tabo, gama sa'ad da ya haifi ɗansa na fari a Madayana ya sa masa suna Gershom, domin yana ganin kansa baƙo.

Yanzu mu komo Jabi. Ƙasar da mu ke sujada a kanta ta Gbagyi ce tun kafin a yanka Abuja a 1976. Mu masu aikin fassara muna ƙaunar Hausa, tun 1932 kuwa Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ciyar da kabilu masu yawa. Amma akwai ɗan Gbagyi, da ɗan Koro, da ɗan Gade, wanda ya iya addu'a da Hausa da Turanci, bai iya gai da kakarsa ba. Ran Fentikos kowa da harshen da aka haife shi a ciki ya ji bishara.

Akwai kuma yaran da ke cikin gidajenmu. Tun 2014 mutanen Gwoza da suka guje wa Boko Haram suka zauna a sansani a Durumi da Kuchingoro, masu bi da yawa kuwa suka ɗauki yara riƙo, ko suka kai su gidajen marayu da makarantun kwana. Wasu kuma sukan kawo yarinya daga ƙauye da alkawarin makaranta. Wannan aiki na jinƙai ne idan an yi shi da tsoron Allah. Amma Ubangijinmu ya yi zancen dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe (Matiyu 18), ga almajiransa kuwa ya faɗa, ba ga arna ba.

Domin tattaunawa: Yaron da ke hannunka, da wane suna ka ke kiransa, wa ya raɗa masa? Yaushe rabonsa da jin muryar uwarsa ko kawunsa? Idan ikilisiyarku tana taimakon wani gidan marayu, dattawa su tambaya ko duk yaran marayu ne, ko talauci ne ya kawo waɗansu. Idan haka ne, kuɗin da a ke kashewa a kansu ba zai riƙe su a ɗakin uwarsu ba? Idan yaro ya kawo ƙarar malami ko fasto, wurin wa zai kai ta, wa kuma zai gaskata shi?

Kafin taro na gaba, mutum biyu su ziyarci wani tsoho ko tsohuwa da ya tashi a gidan mishan. Ku tafi da goro ko sabulu, ku zauna, kada ku yi masa wa'azi, kada kuwa ku gyara masa labarinsa. Idan ya yarda, ku rubuta sunansa na yanka da sunan garinsu a littafin ikilisiya.