Wa Ke da Alhakin Ɗaukar Nauyin Ɗalibi?

Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa ilmin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi, kamar likitanci da lissafi da fatawa, farilla ce ta kifaya, wadda idan kowa ya yi sakaci da ita, zunubi ya hau kan jama'a duka. To, tun da wajibcin yana wuyan kowa, ina hujjar ɗora kuɗin makaranta da na masauki a kan ɗan talaka shi kaɗai, ko tura shi cin bashi mai ruwa?

Magabata sun warware mas'alar da wakafi. Makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda aka buɗe a 1067, ta ciyar da ɗalibanta daga dukiyar da aka tsayar dominsu; Azhar kuwa ta keɓe wa baƙi masaukai, har da na mutanen Barno, inda a da almajiri ke samun makwanci da gurasa kyauta. Saboda haka mawadacin da ya tallafa wa ɗalibi hakki ya sauke, bai cancanci gori ba. Ɗalibin kuma amana ya karɓa, wadda za a tambaye shi a kanta ranar hisabi.