Kwana Uku a Sakkwato: Wa Ke Bin Baƙo Bashi?

Duk wanda aiki ko biki ya kawo Sakkwato na 'yan kwanaki, da ya ajiye jaka tambayarsa ɗaya ce: ina da ina ya kamata in je kafin in koma? Wataƙila ɗaurin aure ne ya kawo shi, ko bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko taron ma'aikata, ga shi da rarar yini ɗaya ko biyu. Amsar da ake ba shi kusan a haddace take: Hubbaren Shehu, Fadar Sarkin Musulmi, gidan tarihi na Waziri Junaidu, sai kasuwa don tsarabar kilishi da kayan fata. In yana da mota da ƙarfin hali, a ƙara masa da Wurno, ko a ce ya miƙa arewa ta Kware da Gwadabawa, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya, ya ga bakin iyaka. Mu da ke Amarawa, gab da Illela, mu ne wutsiyar wannan jeri. Mukan ga irin waɗannan baƙi sun sauko daga mota, sun nuna wajen Ƙonni da yatsa, sun ɗauki hoto, sun juya tun kafin la'asar. Idan sun koma gida za su ce sun zo garinmu. Shin sun zo ɗin? Kuma in sun zo, akwai wani haƙƙi da garin ke bin su?

Harshenmu bai ɗauki tafiye-tafiye a matsayin abu guda ba. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai tafiyar neman ilimi, akwai zumunci, akwai ziyara, sannan ga ɗan auta, yawon buɗe ido. Kowacce daga cikin na farkon tana da wanda ake zuwa wurinsa: falke yana da fatoma, ɗan ci-rani yana da ubangida, almajiri yana da malami, mai zumunci yana da dangi. Ko ziyarar kabari tana da ladubba, ana yin sallama, ana yin addu'a. Yawon buɗe ido ne kaɗai tafiyar da amfaninta ya tsaya kan matafiyi. Ido nasa ne, buɗewar tasa ce. Ba mu ce laifi ba ne, don kuwa tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma addininmu ya kwaɗaitar da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi lura. Sai dai tafiyar da ba ta da mai masauki tana da sauƙin mayar da mutane abin kallo, kamar yadda ake kallon dutse ko kogi.

A wasu ƙasashe an mayar da irin wannan fita ta yini guda babbar sana'a. Wanda ya sauka a birnin Bodo na Faransa, ko Kef Tawun a Afirka ta Kudu, akan tsara masa yini ɗaya ya fita ƙauye ya ga gonakin inabi da wuraren da ake matse shi a yi giya. Giya ba tamu ba ce, addini ya raba mu da ita, ba kuma ita ce ta dame mu a nan ba. Abin lura shi ne tsarin: baƙo yana aika saƙo tun kafin ya zo, yana zuwa a lokacin da aka ba shi, yana sauraron manomi yana bayanin ƙasarsa da ruwansa da damunarsa, sannan ya sayi abin da aka noma daga hannun mai shi. A cikin wannan akwai amincewa da cewa birni da ƙauye yake rayuwa. Amma tsarin yana da nasa rufa-rufa. A gonakin inabi na yankin Kef an daɗe ana biyan leburori wani sashe na ladansu da giya. Doka ta hana haka tun farkon shekarun 1960, duk da haka al'adar ba ta mutu ba har cikin shekarun 1990, ta bar iyalai da yawa cikin shaye-shaye. Ana iya zagayawa da baƙo gona tun safe har yamma, ya ga komai, ban da wanda ya yi aikin.

Mu a nan abin da ƙasarmu ta shahara da shi albasa ce. Daga fadamun Wurno da Goronyo da Gada da Kware, har zuwa Galmi a tsallaken iyaka, wadda sunanta ya bi wani irin jar albasa har kasuwannin Akra da Abijan, dubban gidaje da ita suke ci, da ita suke aurar da 'ya'ya. Baƙon da ya zo daga Legas ko Abuja ya ci albasar nan sau dubu a miyarsa. Amma da wuya ya taɓa ganin yadda ake dashenta a lokacin sanyi, ko ya san rudu, rumfar kara da ake jibge ta a ciki ana jiran farashi ya tashi, alhali kullum wani kaso nata yana ruɓewa. Haka fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara tun zamanin ayari har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta can take isa hannunsu. Sunan ya tafi ga wanda ya sayar, majemin da hannunsa ya yi aikin ba a san shi ba. Saboda haka, idan aka ce mana baƙo yana da yini guda, zuciyarmu takan ce: a kai shi ya ga masu rai da ke ciyar da shi.

To amma magabata fa? Ba ƙaramin haƙƙi suke da shi ba. A Hubbare Shehu Usmanu yake kwance tun 1817, kusa da shi ga 'yarsa Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, ita da ta tura jajis ƙauye-ƙauye su koyar da mata a gidajensu. A Wurno Muhammadu Bello yake, wanda ya kafa Sakkwato a 1809, ya rasu a 1837. A ƙasar Gwadabawa, ba nisa da hanyar da baƙo zai bi ya zo wurinmu, ga Ɗegel, inda Shehu ya yi shekaru yana karantarwa kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Wanda ya zo Sakkwato bai tsaya a ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya yi asarar da hoto ba zai mayar masa ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: ziyarar kabari ta fi sauƙi. Mamaci ba zai tambaye ka nawa kake sayen buhu a garinku ba, ba zai gaya maka taki ya yi tsada ba, ba zai roƙe ka ka nema wa ɗansa aiki ba. Kana iya tsayawa minti goma, ka yi addu'a, ka fita zuciyarka fes. Mai rai kuwa zai bar maka wani nauyi da za ka tafi da shi gida. Muna zargin cewa wannan sauƙin, tare da tsoron Allah, yana cikin abin da ya sa jerin da muke ba baƙi ya cika da gine-gine da kaburbura.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan ra'ayinmu, kuma bai kamata mu tsallake ta ba. Manomi ba abin kallo ba ne. Mutumin da ke tsugune cikin laka tun asuba yana ban ruwa bai nemi a zo da waya a ɗauke shi a watsa a Facebook ana cewa dubi yadda talaka ke shan wahala ba. Ƙari a kan haka, a al'adarmu baƙo yana da tsada. A gonar inabi ta Faransa baƙo ne ke biya. A ƙauyenmu mai gida ne ke biya: zai bar aikinsa, ya shimfiɗa tabarma, a dama fura, wataƙila a yanka kazar da ake tattali don salla, kuma ko kusa ba zai karɓi kuɗi ba, don karɓar abin kunya ne. Baƙo ya tafi yana yabon karamcin mutanen ƙauye, bai san ya cinye musu cefanen mako ba. In haka ne, ashe ba gara ya tsaya a birni ba?

Muna ganin hujjar ta nuna yadda bai kamata a zo ba ne, ba ta hana zuwan ba. Abin da ke raba ziyara da kallo shi ne mai masauki da sanarwa. Wanda ya nemi wani ɗan gari ya yi masa jagora, ya aika tun jiya cewa yana tafe, ya tambayi lokacin da zuwansa ba zai tsayar da aiki ba, ya riƙo goro ko sukari ko sabulu a hannu, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya, ya sayi buhun albasa bai tsaya yana taya ta kamar yana son ya karya mai ita ba, wannan ya shigo ta ƙofa. Irin wannan shiri shi ne ladabin tafiyar. Wasu daga cikinmu suna ganin yawan tsara tafiya kamar rashin tawakkali ne, a tashi kawai, Allah ya kai mu. Amma tafiyar da ba a tsara ba, wani ne ke ɗaukar nauyin rashin tsarinta: matar gidan da za ta hura wuta da tsakar rana, ko direban da za a sa ya biyo hanya bayan magariba a yankin da kowa ya san halin tsaron da yake ciki. Wanda ya san kasuwar Illela ran Lahadi take ci, ya san zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, ya tambayi mutanen gari wace hanya ce ke da lafiya a wannan makon, ya rage wa wasu wahala kafin ya rage wa kansa.

Mu mazauna bakin iyaka muna da dalili na musamman na jin tsoron mai kallo daga nesa. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce nan ne iyaka. Da Faransawa suka ga an bar su da hanya marar rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka janyo layin kudu, Ƙonni ta faɗa hannunsu, mu muka tsaya a wannan ɓangare. Ba wanda ya tambayi mai gona a nan da surukai a can. Har yau muna biyan kuɗin wannan zane: an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motocin kaya suka yi layi, kayan gwari suka lalace, 'yan uwa suka koma bin hanyoyin daji don zuwa jana'iza. Baƙon da ya zauna a ɗakin otal ya buɗe taswira a waya, ya zana da'irar wuraren da zai iya kaiwa ya dawo kafin dare, ba mugu ba ne, kuma ba ƙasa yake rabawa ba. Amma idon iri ɗaya ne: ido ne da ke ganin garuruwa a matsayin ɗigo da tazara. Layin da yake zuwa ya yi hoto a gabansa, mu rayuwarmu ya ratsa.

Sai batu na uku, wanda ya fi kowanne kusa da gida. Da wuya Bahaushe ya sauka a babban gari a rasa wanda yake da haƙƙi a kansa a ciki: gwaggo da aka aurar can shekara talatin, malamin da ya koya masa alif da ba, abokin mahaifinsa da tsufa ya kwantar. Zumunci a ƙafa yake. Yanzu kuwa waya ta sa ɓoye zuwa ya yi wuya. Tsohuwar da ba ka leƙa ba, jikanta zai nuna mata hotonka a ƙofar fada, ta san ka zo, ta san ka zaɓa. Gini zai jira ka shekara goma, Hubbare yana nan in Allah ya so. Ita ce ba ta da tabbacin wata damuna. Idan za a auna da abin da ba ya dawowa, ita ce kan gaba a jerin, kuma ita ce aka fi mantawa da ita idan ana rubuta shi.

Sunna ta sanya haƙƙin baƙo a kan mai masauki kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Mun saba karanta wannan ta fuskar abin da ake bin mai gida. Muna ganin yana da kyau a juya shi: a cikin kwana ukun nan, me gari ke bin baƙo? A ganinmu abu uku ne, kuma sun yi daidai da kwanakin. Ya ba magabata wani lokaci, ya san a kan kafaɗar wa garin ya tsaya. Ya ba dangi da malamai wani lokaci, ko da zai sa ya soke wani wuri mai kyan hoto. Ya ba masu aikin hannu wani lokaci, a gona ko majema ko kara, ya zauna har ya ji nawa aka kashe, nawa aka samu. Wannan yana nufin wurare da yawa za su fita daga jerin. Wanda ya zaga wuri takwas a yini guda, abin da zai fi tunawa shi ne kujerar mota.

Wanda kuma ya zaɓi ya miƙo arewa har wurinmu, muna maraba da shi. Ya aiko tun da wuri, ya taso da sassafe, ya zo da niyyar zama har a yi azahar tare. Za mu nuna masa iyakar, tunda ita ya ji labari, ba za ta ɗauke shi minti biyar ba. Sauran yinin ya bar mana shi mu kai shi fadama.