Sunan Baba a Takarda, Makulli a Hannun Yaro



Wani bawan Allah daga Ƙofar Marusa ya turo mini tambaya, ya ce in amsa a fili, kar dai in kama sunansa. Yana da ɗa mai shekara 17, ya iya mota sosai. Shi ke kai ƙannensa makaranta da Islamiyya, shi ke kai mahaifiyarsa unguwa. Motar da sunan uban take, takardu ma haka. Da ya je sabunta takardu, sai wani ejan ya ja shi gefe ya ce: "Alhaji, inshorar gaske ta yi tsada, akwai ta rabin kuɗi, ta nuna wa 'yan sanda." Ya karɓi mai arhar. Yanzu zuciyarsa ta ƙi kwanciya, shi ne yake tambaya: "Malam, tunda inshorar nan malamai suna da magana a kanta, kuma dole aka yi mana, meye laifin ta bogi? Kuma yaron tunda ya iya, meye laifin ya tuƙa da takarduna?"

Allah Ya saka masa da alheri da ya tambaya, don wallahi ba shi kaɗai ba ne.

Mu fara sanin abin da ake magana a kai. Inshorar da doka ta wajabta wa duk mai mota a Najeriya ba ta gyaran motarka ba ce. Ta mutumin da ka buge ce, ko wanda ka lalata wa dukiya. Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar NAICOM mai kula da inshora ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, kuɗin da za a iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A watan Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta a duk ƙasa. Lasisin tuƙi kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba, kuma cikin sharuɗɗan inshora akwai cewa mai tuƙin ya zama yana da lasisi.

To, maganar cewa malamai suna da magana a kan inshora, gaskiya ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Amma ɗan'uwa, duba inda wannan hukuncin ya kai ka. Ya kai ka ƙofar takaful ne, kuma muna da su a ƙasar nan, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. In ma ba ka samu ba, malamai da yawa sun yi sauƙi a kan wadda hukuma ta tilasta, saboda lalura. Ban san malamin da ya ce mafitar shubuha ita ce takardar ƙarya ba. Ka guji tsaki, ka faɗa kwata.

Kuma ka lura da wanda ake cuta. Kai kana ganin ɗan sanda ka yaudara, ko KASSAROTA, ko kamfani. A'a. A cinikin nan akwai mutum na uku wanda bai zauna da ku ba, ba a tambaye shi ba. Mai lemon da ke bakin titi ne. Ɗan acaban da babur ɗinsa na bashi ne. Yarinyar da aka aika sayen magi za ta tsallaka kwalta ce. Ranar da aka buge ta, a ranar za a buɗe takarda a ga babu komai a bayanta. Ɗan canjin da ka rage a hannun ejan, ubanta ne zai biya shi a asibiti, ninki ɗari.

Wannan cuta ba tamu ba ce mu kaɗai. A Ingila, inshorar matashin da ya fara tuƙi takan haura fam 1,000 a shekara, saboda kamfanoni sun san matasa sun fi yin haɗari. Sai wasu iyaye su rubuta cewa su ne masu tuƙa motar kullum, ɗan kuma jefi-jefi yake taɓawa, alhali shi ke fita da ita safe da yamma. Kuɗi ya ragu. Amma a can zamba suke ɗaukar wannan: in aka gano, kamfani zai iya soke inshorar, ya ƙi biya, har a kai mutum kotu. 'Yan'uwanmu da ke zaune can ko suke da 'ya'ya masu karatu, a kiyaye. Sa ɗanka a matsayin direba na biyu in gaskiya haka yake, ba laifi. Laifin shi ne ka faɗi abin da ka san ba haka ba ne. Ƙarya ba ta zama halal don an yi wa kamfani ita, ko don mai kamfanin ba Musulmi ba ne.

Sunan da ka sa a takarda shaida ce. Kana cewa: ni ne na ɗauki nauyin abin da ƙarfen nan zai yi a kan titi. Kuma shari'a ta riga kowa sanin cewa kuskure yana da mai biya. Wanda ya kashe rai bisa kuskure, akwai diyya, raƙuma 100 ko dinare 1,000 na zinare, kuma aƙila ce ke ɗaukarta, wato danginsa na wajen uba, a rarraba musu cikin shekara 3. Ga kuma kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata 2 a jere. Ka ga hikimar? Ba a bar jinin mutum ya tafi a banza ba, ba a kuma bar mai kuskure ya durƙushe shi kaɗai ba. Mu yau fa? Aƙilar ta watse, inshorar ta bogi ce, direban yaro ne mara lasisi. Sai a tara dattawa a je gidan mamaci da buhun shinkafa, a ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Talaka ya ga manyan riguna, kunya ta kama shi, ya ce ya yafe. Yafiya alheri ce, amma wadda aka karɓa da kwarjini, a ji tsoron ranar da za a sake buɗe maganar.

Eh, ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ƙaddara ba ta goge sakaci. Wanda ya miƙa makulli ga wanda doka ta hana, ya san abin da ya yi tun kafin mota ta tashi.

Na san abin da wasu za su ce. "Malam, yaron ya fi wasu masu lasisi iyawa." Zai yiwu. Amma iya juya sitiyari daban, iya danne zuciya daban. Ku dubi abin da samari ke yi da motocin iyaye ranar ɗaurin aure da ranakun Sallah, in abokai sun cika mota ana zuga. Yaron da ke tafiya a hankali in Baba na gefe, ba lallai shi ne wanda ke kan hanyar Ƙofar Ƙaura da daddare ba. Wani zai ce: "Kamfanonin ma ba biya suke ba." In kamfani ya danne haƙƙi, alhaki na kansa, kuma akwai inda ake kai ƙararsa, NAICOM. Kai dai ka fita. Amma mai takardar bogi, wa zai kai ƙara? Wani kuma zai ce rayuwa ta yi tsada. Wallahi ta yi. Amma naira 15,000 a shekara ba ta kai abin da kake zuba wa motar na fetur a mako ɗaya ko biyu ba.

Don haka ɗan'uwana na Ƙofar Marusa, shawarata uku ce. Ka yaga waccan takardar, ka yi ta gaske, ta takaful in ka samu, sannan ka sa lambar motarka a shafin NIID na intanet ka tabbatar ta fito. Ka karɓi makullin daga hannun yaron da lallami, ba da faɗa ba, ka gaya masa dalili. Watannin da suka rage masa ya cika 18, a yi haƙuri da Keke Napep, in ya cika ya yi lasisinsa ta hanyar da ta dace. Sannan ka yi istigfari, ka gode wa Allah da Ya farkar da kai kafin a ɗauko maka ɗan wani a kan tabarma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne darasin da yaron ke ɗauka. Yana kallo ka sayi ƙarya da rabin kuɗi, ka ajiye ta a cikin mota. Gobe in ya kawo maka sakamakon jarrabawa na bogi, da wane baki za ka yi masa faɗa?

Allah Ya tsare mu da ɗaukar alhakin rai, Ya shirya mana zuri'a, Ya kai mu gidajenmu lafiya. Wallahu a'alam.