Agogon Gwaggo

Tun da Fabrairu ya kama Zulai ta daina cin abincin kirki. Loma uku ta tuwo, ta ture kwano ta shige ɗaki. Dare kuwa ta mayar da shi rana: fitilar caji a gefe, ɓarin goro a kumatu, ƙafafu cikin bokitin ruwa don kada barci ya sace ta, dabarar da ta koyo a makarantar kwana. Umma har alfahari take yi wa maƙwabta. "Yarinyar nan ko runtsawa ba ta yi, sai karatu."

Zama na biyu ke nan za ta yi wa JAMB. WAEC ba ta ba ta wahala ba, kiredit biyar ɗin da ake nema, har da Turanci da Lissafi, ta same su da rara. Amma bara, a wata cibiyar kwamfuta a Zariya, ta dangwala yatsa aka tantance ta, ta zauna, ta hango agogon kan allo ya fara cin mintocinta, sai ƙwaƙwalwarta ta ɗauke wuta. Tambayar farko ta karanta ta sau huɗu ba ta gane me ake nema ba. Ta tashi da 171 cikin 400, ita da ke son karanta harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello.

Ana haka Gwaggo ta zo daga Funtuwa, wai suna ta zo, mako guda za ta yi. Yayar Baba ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, har yanzu ɗan agogon nan na maƙalawa a ƙirji yana cikin jakarta. Kwananta biyu tana kallon Zulai ba ta ce uffan ba. Rana ta uku da hantsi ta kira ta.

"Ke 'yar nan, miƙo hannunki."

Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun, idonta a kan agogo. "Saba'in da takwas. Lafiya lau. To ba ni labarin ranar jarrabawarki ta bara, tun daga bakin ƙofa."

Zulai ta fara. Ba ta kai ga zama gaban kwamfutar ba muryarta ta soma rawa.

"Ɗari da goma sha biyu," in ji Gwaggo. "Kina zaune a tabarmar uwarki, ba mai bin ki da sanda. Kin ga ciwonki? Ba rashin karatu ba ne."

Ta yi mata bayani irin na mutanen asibiti, ba kwana-kwana. Jikin mutum bai san bambancin kura da kwamfuta ba. Da ya ji barazana sai wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su sako sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta hau gudu, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa. Shiri ne na gudu ko faɗa, ba na tuno darasi ba. Ta koya mata shaƙar iska ta hanci tana ƙirga huɗu, ta fitar a hankali tana ƙirga shida, don fitar da numfashi da tsawo yana rage wa zuciya sauri. Suka yi sau biyar, aka sake aunawa, bugun ya sauko.

A daren nan Gwaggo ta ƙwace goron, ta mayar da bokiti banɗaki, ta ce bayan isha'i da kaɗan a kashe fitila, karatu sai bayan asuba. Umma ta ce, "Haba Yaya, saura mako bakwai fa."

"Shi ya sa. Abin da aka karanta da rana, barci ne ke jera shi a ka. Wannan ɗiban ruwa take yi da kwando."

Mako guda ya zama bakwai. Kowace Asabar Gwaggo ta sa ƙanin Zulai ya aro kwamfutar tafi-da-gidanka mai tsofaffin tambayoyi, a ajiye ta a zaure, inda zafin Maris ya fi taruwa. Tambaya 180, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, cikin awa biyu. In aka raba, daƙiƙa arba'in ke nan kowace tambaya. Dokokinta biyu ne. Tambayar da ta ƙi ki, danna N ki wuce, kya dawo mata. Kuma kada ki bar gurbi a ƙarshe, tunda ba a rage maki don an canka ba daidai ba.

Asabar ɗin farko, minti ashirin da farawa, Zulai ta kife kai a kan tebur ta fashe da kuka. Umma ta taso daga tsakar gida, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Ba ta rarrashi yarinyar ba, ba ta yi mata tsawa ba, kuma ba ta tsayar da agogo ba. Tana zaune a kujerarta tana jan carbi, can ta ce, "Saura minti casa'in da biyar." Zulai ta ɗago da jajayen idanu, ta ga babu wanda zai cece ta, ta ja numfashi yadda aka koya mata, ta share hanci da gefen hijabi, ta koma. Ba ta gama ba ranar. Amma ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: tsoron ya zo, ya yi iyakarsa, ya lafa, tana nan zaune kuma da sauran lokaci. A ganina duk cikin abin da Gwaggo ta yi wannan ne babba, ko da yake Umma ta kwana biyu tana cewa rashin tausayi ne.

Asabar ta uku, kafin a kunna kwamfuta, Gwaggo ta ba ta takarda da biro. "Rubuta abin da kike tsoro. Kada ki gyara." Ita daga gogewar aiki ta samo dabarar, amma masana ma sun gwada ta. A 2011 Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Shikago a Amurka sun wallafa binciken da ya nuna ɗalibai masu fargaba sun fi yin ƙoƙari idan suka yi minti goma suna rubuta damuwarsu kafin jarrabawa.

Abin mamaki, babu Fiziks ko Kemistiri a takardar Zulai. Buhunan masarar da Baba ya sayar don rajista da kuɗin lesin ne a ciki. Sai 'yar maƙwabtansu da ta riga ta shiga aji ɗaya a jami'a. Sai maganar da Baba yake yi kullum da safe in za shi kasuwa: "Bana dai ba na son jin labarin bara."

Gwaggo ta nemi izininta, ta ninke takardar, ta tari Baba bayan magariba. Ya karanta, ya daɗe bai yi magana ba.

"Wallahi Yaya, ni ƙarfafa mata gwiwa nake nufi."

"To ka daina. Je ka gaya mata abin da zai faru in ta sake faɗuwa."

Ya leƙa ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. "Zulai, masarar nan ba bashi na ba ki ba. In an ci, alhamdu lillahi. In ba a ci ba, gonar tana nan, damina ma tana tafe." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, ya juya.

Ranar jarrabawar, cikin Afrilu, ta karya da koko da ƙosai, ta isa cibiyar da wuri da takardarta a hannu. Da ta zauna gabanta ya faɗi kamar bara, hannunta ya jiƙe. Ta gane tsoron nan ne. Ta ƙirga huɗu, ta ƙirga shida, ta bar Turanci ta fara da Bayoloji inda ta fi ƙarfi. A Fiziks ta tsallake tambaya tara, ta dawo ta warware biyar, ta canki huɗu.

Da sakamako ya fito ƙaninta ne ya tura saƙo zuwa 55019 da layinta, don ita ta ce ba za ta iya dubawa ba. 243. Umma ta rangaɗa guɗa, Zulai ta kira Funtuwa.

"Madalla," in ji Gwaggo. "Ko zai kai ki harhaɗa magunguna, sai jami'a ta fitar da nata ma'aunin, kuma da sauran tantancewarsu a gaba. Ki tambayi wata da ta yi bara yadda tsarin yake. Ba ni Ummanki, ina da magana da ita a kan bikin gidan Kawunku."