Kuɗin Da Ke Hannunka, Na Wane Ne?

A ƙasar Ingila akwai wata dabara da mutane suke yi da katin bashi, wadda ta isa mu zauna mu yi tunani a kanta, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa riƙe irin katin nan ba. Mutum yakan karɓi bashi daga wani banki wanda ya yi alkawari ba zai ɗora masa ruwa ba har shekara guda ko fiye. Sai ya kwashe kuɗin ya zuba a asusun ajiyarsa a wani banki dabam, inda ake biyan mai ajiya ruwa. In wa'adi ya kusa cika, sai ya mayar wa mai bashi kuɗinsa cif, ya riƙe ribar da ta hau. Bai yi gumi ba, bai karya doka ba, ga shi kuwa ya samu. Tambayar da ke gabanmu ita ce, wannan samu mai tsabta ne? In kuwa mai tsabta ne, me ya sa banki yake murna da ba da irin wannan bashi?

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya, gama bai kamata mutum ya yanke hukunci a kan abin da bai fahimta ba. Katin bashi ya shiga Ingila a shekarar 1966, sa'ad da aka fito da Barclaycard. Mai kati yakan sayi kaya yau, banki ya biya dominsa, shi kuma ya biya banki daga baya. In ya biya duka a ƙarshen wata, shi ke nan. In ya bar saura, sai ruwa ya hau, ruwan kuwa yakan wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Da bankuna suka yi yawa suna ƙwacen masu hulɗa, sai suka fara kiran mutane su kawo musu bashin da ake binsu a wani katin, su kuwa za su riƙe shi wasu watanni babu ruwa. Bankin Egg ya yi suna da wannan tayi tun daga shekarar 2000, sauran kuma suka bi sahu. Nufin tayin shi ne a ɗauke bashi daga tsohon kati a kai sabo. Amma akwai katunan da suka yarda a zuba kuɗin kai tsaye cikin asusun mutum na banki, ya yi abin da ya ga dama da su. Nan ne masu dabara suka ga ƙofa. Da bankuna suka lura, sai suka sa la'ada a kan kowane irin wannan juyi, wadda takan kai kashi 3 ko 4 cikin 100 na kuɗin da aka zuba a asusu.

Ga misali domin lissafin ya fito fili. A ce mutum ya karɓi fam 5,000 na wata 12 babu ruwa, la'ada kuma kashi 4 cikin 100. Tun ranar farko ana binsa ƙarin fam 200. In ya sami asusun da ke biyan kashi 5 cikin 100, a ƙarshen shekara zai sami fam 250. Ribarsa fam 50 ke nan, in dai bai taɓa ajiyar ba ko sau ɗaya. Wannan riba kuwa tana rataye ne da abin da Babban Bankin Ingila ya yanke. A watan Maris na 2009 ya saukar da ruwansa zuwa rabin kashi ɗaya cikin 100, a 2020 kuma ya ƙara saukarwa zuwa kashi 0.1, a shekarun nan kuwa abin da ajiya take haifarwa bai kai la'ada ba, dabarar ta kwanta. Da ruwan ya hau har ya kai kashi 5.25 a watan Agusta na 2023, sai ta sāke farfaɗowa.

Akwai kuma sharuɗa. Ko da yake babu ruwa, dole ne a biya wani ɗan abu kowane wata. Wanda ya makara sau ɗaya, banki yana da iko ya janye alkawarinsa, ruwa ya fara hawa nan take. Haka kuma in wa'adi ya cika da saura a kan katin. A misalinmu na ɗazu, in ruwan katin kashi 24 ne cikin 100 a shekara, fam 100 ke nan kowane wata. Wato makarar mako biyu ta isa ta cinye ribar shekara guda.

To, yanzu mu koma ga tambayarmu. Da fari, wannan sata ce? Ban ga yadda za a ce da ita sata ba. Banki ne ya yi tayi da idonsa a buɗe, ya rubuta sharuɗansa, ya karɓi la'adarsa. Wanda ya cika sharuɗan nan duka, ya mayar da kuɗin a kan lokaci, bai ɗauki abin kowa ba. Bai zama wajibi ga mai cin bashi ya yi tuntuɓe domin mai ba da bashi ya ci riba ba.

Na biyu, cin ruwa ne irin wanda Littafi Mai Tsarki ya hana? In muka duba Fitowa 22:25 da Littafin Firistoci 25:35-37, za mu ga abin da ake karewa a can shi ne matalauci, wanda wahala ta kai shi ƙofar ɗan'uwansa, kada a mai da wahalarsa abin kasuwanci. Banki kuwa ba matalauci ba ne. A cikin misalin talanti a Matiyu sura 25, maigida ya tsauta wa bawan da ya binne kuɗinsa, domin ko ajiya a wurin masu harkar kuɗi bai yi ba, balle a sami ƙari. Saboda haka ba daidai ba ne mu ɗora wa mutane nauyin da ba a ɗora musu ba.

Amma akwai inda ƙarya takan lallaɓo ta shiga. Kafin a ba mutum kati, akan tambaye shi abin da yake samu a shekara da bashin da ake binsa. Wanda yake so a ba shi da yawa yana iya ƙara wa albashinsa tsawo a takarda. Wannan ƙarya ce, dokar zamba ta Ingila ta 2006 kuwa ta lissafta shi laifi. Akwai kuma waɗanda a dā sukan sa a juya kuɗi zuwa katin da ba a binsa kome, sa'an nan su ce wa bankin wancan katin ya mayar musu da rarar cikin asusunsu. Wato sun nuna kamar akwai bashin da za a biya, alhali babu. Ko da na'ura ta yarda, ai na'ura ba ta da lamiri. Mutum ne yake da shi, shi ne kuma ya san abin da ya nufa sa'ad da ya cika takardar.

Na uku, wa yake biyan wannan kyauta? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Banki ba ya ba da kuɗinsa shekara guda domin ƙauna. Ya riga ya yi lissafi, ya san cikin masu karɓa akwai waɗanda za su makara, akwai waɗanda wa'adi zai cika ba su gama biya ba, akwai kuma waɗanda za su ci gaba da sayen kaya da sabon katin. Daga wurin waɗannan ne yake fanshe abin da ya bari. Matsalar ta yi girma har hukumar da ke lura da harkokin kuɗi a ƙasar, wato FCA, ta kafa ƙa'ida a 2018 cewa dole bankuna su tuntuɓi duk wanda a cikin wata 18 abin da ya biya na ruwa da caji ya fi abin da ya rage daga uwar bashin. Ashe tukunyar da mai dabara yake ɗiba daga ciki, waɗanda suka faɗi ne suke cika ta.

Wani zai ce, "To, ina laifina? Ko na karɓa ko ban karɓa ba, ruwan da ake ɗora musu ba zai ragu ba." Gaskiya ne, ni ma ban ɗora masa laifinsu ba. Amma sanin wannan ya kamata ya hana shi abu biyu. Ya hana shi fahariya, gama fam 50 ɗin nan ba hikimarsa kaɗai ta haife su ba. Ya kuma hana shi saurin ba da shawara. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa sura 8, ya koya mana cewa abin da ya halatta ga mai ƙarfi yana iya zama sanadin faɗuwar marar ƙarfi. Mai albashi tsayayye, wanda yake da ajiya tasa ta kansa, in ya ba da labarin ribarsa a gaban wanda aikinsa na yau da akwai gobe babu ne, ya nuna masa mashigin kogi, bai kuwa faɗa masa zurfin ruwan ba.

Sai dai duk waɗannan ba su ne babban hatsarin ba. Babban hatsarin yana cikin juyin kansa. Muddin kuɗin suna rubuce a takardar kati, sunansu bashi, duk wanda ya gani ya san na wani ne. Da zarar sun shiga asusun banki, sai su sāke riga. Mutum ya duba asusunsa ya ga fam 5,000 a ƙarƙashin sunansa, babu wata alama da ta raba su da kuɗin guminsa. Wata na fari yana tunawa. Wata na huɗu mota ta lalace, ya ce bari in ɗan taɓa, zan mayar. Wata na bakwai aka kira shi daga gida, mahaifiya tana asibiti. Wane ɗa ne zai ce ba shi da kuɗi, alhali yana ganinsu da idonsa? Ku lura, 'yan'uwa, ba shashanci ne ya cinye kuɗin nan ba. Bukatu ne na gaskiya, wasunsu ma ayyukan kirki ne. Amma ranar da wa'adi ya cika, banki ba zai tambayi inda kuɗin suka tafi ba. Mutumin da ya shiga domin ya ci ribar banki, ga shi ya koma cikin masu cika tukunya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ina ganin ba a kan takardar banki za a warware tambayar nan ba, sai a zuciyar mai karɓa. Abin da ke hannunsa amana ne, ko da yake mai amanar babban kamfani ne wanda ba ya jin yunwa. Girman mai bashi ba ya rage nauyin alkawari. Zabura 37:21 ta sa mai cin bashi da ba ya biya cikin jerin mugaye, ba ta kuwa ware wanda ya ci bashin mawadaci ba. Wanda ya iya kwana wata 12 da kuɗin wani a ɗakinsa, yana tunawa kowace safiya cewa ba nasa ba ne, ya yi abinsa, ba ni da abin da zan ce masa. Amma kowa ya auna kansa da gaskiya, kada ya auna kansa da ranar da kome yake tafiya daidai, sai da ranar da aiki ya tsaya ko ciwo ya shigo gida.

Kada kuma a ɗauka wannan hanya ba ta da wani amfani na kirki. Tun daga 2020, bankuna da yawa a Ingila suka sa ruwan da ya kusa kashi 40 cikin 100 a shekara ga wanda ya ci fiye da abin da ke cikin asusunsa. Wanda ake binsa fam 2,000 ta wannan hanya, ruwan shekara guda ya kusa fam 800. In ya sami katin da zai zuba masa fam 2,000 a asusu da la'adar fam 80, ya toshe wancan ramin, ya raba sabon bashin wata-wata har ya gama kafin wa'adi, ya kuma ajiye katin bai sayi ko allura da shi ba, to, ya yi hikima. Kayan aikin ɗaya ne da na mai neman riba, amma wannan yana neman hanyar fita daga bashi ne, wancan kuwa ya shiga bashin da bai bukata ba domin ɗan abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba.

Ga abin da zan roƙi duk wanda irin wannan tayi ya zo masa, ko a Ingila ko a wani wuri. Ya faɗi gaskiya a takardar nema, ko da za a ba shi kaɗan. Ya karanta sharuɗa har ƙarshe, ya rubuta ranar cikar wa'adi inda zai riƙa ganinta. In yana da iyali, kada ya ɓoye wa matarsa, gama bashin da aka ɓoye a gida ya riga ya fara ɓarna tun kafin ruwa ya hau kansa. Ya kuma tambayi kansa, in aka ce ya mayar da kuɗin nan gobe da safe, zai iya? In amsar i ce, yana da 'yanci. In kuwa a'a ce, gara ya bar tayin ya wuce.

A Romawa 13:8 an gargaɗe mu kada mu bar hakkin kowa a kanmu, sai dai na ƙauna, wanda ba a gama biyansa. Ba a hana mu cin bashi sa'ad da bukata ta kama ba, amma an nuna mana cewa zama babu nauyin kowa a wuya abu ne mai daraja, wanda bai kamata a sayar da shi da araha ba. Allah ya ba mu zuciyar da take rarrabe abin da yake namu da abin da aka ba mu riƙo.