Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Ya 'yar'uwa mai karatu, yau hira ce a kan mota. Kada ki ce ina ruwan mace da zancen mota, ki yi haƙuri ki bi ni a sannu, domin kuwa kafin mu rabu za ki ga zancen ya biyo ta cikin akwatin lefenki.

Kwanan baya na je ganin gida Gaya, bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida sai ƙanena ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Yaya, kalli wani ikon Allah." Na karɓa. Sai ga wani Bature yana zagaya wata tsohuwar mota, riƙe da na'ura kamar dutsen guga, tana haska jikin motar. Duk inda hasken ya bi sai siffar wurin ta fito a kwamfuta, har lanƙwasar ƙofa da ramin fitila. Ƙanena ya yi mini bayani cewa na'urar awo take ɗauka, ɗigo-ɗigo, miliyoyi, har kwamfuta ta haɗa surar motar sukutum. Daga nan sai a tura awon ga wani injin sassaƙa, shi kuma ya sassaƙe katako ko busasshen soso daidai da wannan sura, babu ƙari babu ragi. A kan wannan sassaƙen ake ɗora falankin alminiyam a yi ta bugu har ya kwanta, ko kuma a zuba wani irin roba mai zaren gilashi ya daskare. Ƙananan kaya irin su marfi da mariƙin ƙofa kuwa, akwai na'urar da ke gina su shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora yumɓu. Da aka gama aka yi fenti, aka jera sabuwa da tsohuwa, wallahi na kasa cewa ga uwa ga 'ya.

Ƙanena ya ce, "To Yaya, ke da ba kya rasa magana, wannan ƙarya ce ko gaskiya?" Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Tambayar nan ta hana ni barci a daren, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro.

Da farko dai ki sani abin nan ba wasan yara ba ne, manyan kamfanoni ma suna ciki. A shekarar 1957 gobara ta tashi a masana'antar Jaguar da ke Kobentiri ta ƙasar Ingila, ta cinye motoci tara na wani samfuri da ake kira XKSS tun ba a kai su kasuwa ba. A 2016, wato bayan shekara 59, kamfanin ya ba da sanarwar zai ƙera guda tara su maye gurbin waɗanda suka ƙone, kuma da irin wannan na'urar aka auni waɗanda suka tsira, kowace ɗaya kuɗinta ya haura fam miliyan 1. Shi ma kamfanin Bentley a 2019 ya ce zai warware wata motarsa ta tsere ta shekarar 1929, ƙusa-ƙusa, a auna kowane ɓangare, a ƙera irinta guda 12. Babu wanda ya kira waɗannan ɓarayi. Amma a 2012, a ƙasar Jamus, an kama wani jikin mota da aka kwaikwayi Marsandi 300 SL, mai ƙofofin nan da ke ɗagawa sama kamar fukafukai, ba da izinin kamfanin ba, aka saka shi a inji aka murƙushe. Aiki iri ɗaya, wani ya sha yabo, wani ya sha murƙusa.

Me ya sa ake wannan wahala? Kuɗi ne mana. A 2022 an yi gwanjon wata Marsandi ta shekarar 1955, wadda guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa, aka saye ta yuro miliyan 135. Ƙarfen da ke jikinta bai kai ko ƙurar wannan kuɗi ba. To me mai sayen ya biya? Riƙe wannan tambayar, za mu dawo kanta.

Mu dawo gida. Mu mutanen Gaya ba baƙin ƙarfe ba ne, domin tarihin baka ya nuna maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka je gindin Dala neman tama, har garin Kano ya samo sunansa daga wani daga cikinsu. Kuma shi maƙeri tun asali da kwaikwayo yake koyon sana'a. Yaro yakan zauna gaban zugazugi shekara da shekaru yana kallon hannun ubansa, ranar da ya ƙera fartanyar da ba a bambanta ta da ta uban ba, ranar ake cewa ya iya. Haka ɗalibi mai rubutun allo, haka yarinya mai koyon saƙar hula ko tuƙin tuwo. Da kwaikwayo laifi ne, da babu sana'ar da za ta wuce kakanninmu. Saboda haka ni dai ban ga aibun na'urar Baturen nan ba. Guduma ce da ta yi karatu, shi ke nan.

Ina yarinya kawuna yana da wata akori-kura Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Da ita yake jigilar buhunan gero da gyaɗa daga ƙauyukan Ajingi zuwa Gaya, ranar Juma'a kuma ya nufi kasuwar Wudil. Motar nan ta ga duniya. Injinta an sauke an ɗora wani daga Ƙofar Ruwa. Ƙofar direba da ta ruɓe, wani mai fanal bita ne ya yanko ƙarfen tsohon duro, ya buge shi yana duban ɗaya ƙofar da ido, har ya zauna daram. Bodin baya mai walda ya sake shi sau biyu. Gilashi, kujera, fitilu, babu wanda ya zo da ita daga Kaduna. Duk da haka ko yaro ka tambaya a tasha zai ce maka, "Waccan ai motar Kawu ce." Babu wanda ya taɓa cewa wata ce daban.

To ga abin mamakin. Motar Kawu kusan babu ƙarfenta na asali, amma ita ce. Motar Bature kuwa ta yi kama da ta asali fiye da yadda motar Kawu ta yi kama da kanta, amma ba ita ba ce. Ashe abin da ke sa abu ya zama shi, ba sura ba ce kaɗai. Motar Kawu ta canza kaya ne tana kan hanya, a gaban idon jama'a, kowane faci da labarinsa: wannan ranar da ta faɗa rami da damina, wancan ranar da aka kai amarya ta ƙi tashi aka tura. Ita kuwa sabuwar jiya aka haife ta da furfura. Na'ura tana iya auna lotsawar da ke jikin ƙofa ta fitar da irinta, amma ba ta iya auna ranar da aka yi lotsawar. Kin ga amsar tambayarmu ta ɗazu: mai yuro miliyan 135 tarihi ya saya, ƙarfen gyara aka ba shi.

Ranar da Kawu zai rabu da motar ina nan, ina kawo musu ruwa a zaure. Dillali yana ta zuba, yana cewa mota lafiya lau, ba ta taɓa ganin asibiti ba. Sai Kawu ya ɗaga masa hannu, ya dubi mai saye ya ce, "Malam, taso ka gani." Ya zagaya da shi, ya nuna masa ƙofar duro, ya ƙwanƙwasa inda aka cika da fila, ya gaya masa injin ba nata ba ne, kuma tana shan ruwa in an yi tafiya mai nisa. Dillali ya ɓata rai, kuɗi ya ragu. Da suka tafi na ji matarsa tana mita, shi kuwa abin da ya ce kawai, "Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni dai ba zan sayar da rariya da sunan ƙwarya ba." A lokacin na ɗauka Kawu bai iya ciniki ba. Yau na gane shi ne ya amsa tambayar ƙanena tun ba a haifi ƙanen nawa ba.

Wato dai ƙaryar ba a jikin ƙarfe take ba, a bakin mai sayarwa take. Jaguar da Bentley sun fito fili sun ce sababbi ne, ga shekarar da aka ƙera su, mai so ya saya. Wanda kuwa zai ƙera irin wannan jiki, ya buga masa lambar wata tsohuwar mota da ta daɗe da mutuwa, ya ce ita ce, to wannan shi ne mai algus. Malamanmu sun sha karanta mana yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai kayan don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba inda mutane za su gani. Ki lura, ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba. Ɓoyewar aka hana.

Na san wata za ta ce, "Yo in har ido ba ya bambancewa, shi ma mai sayen ba zai taɓa ganewa ba, yana murna har ya mutu, wa aka cuta?" Wannan magana tana da nauyi, ni ma na daɗe ina juya ta. Amma 'yar'uwa, a ce an kawo miki lefe, aka ce sarƙar nan gwal ce, atamfar nan 'yar Holan ce, kika yi shekara goma kina sawa kina taƙama, ashe wankin gwal ne da kwafin Kwari. Shekara goman nan ba a cuce ki ba ne don ba ki sani ba? An cuce ki tun ranar farko. An karɓi yardarki da abin da ba shi ba ne, kuma ranar da kika shiga matsi kika kai wa mai awon gwal, ranar cutar za ta fito fili, amma ba ranar aka yi ta ba. Da mijin ya ce miki, "Ga abin da ƙarfina ya kai, ba ta asali ba ce," da kin sa abarki da kwanciyar rai, wataƙila ma ta fi miki gwal daraja. Atamfar kwafi ta rufa wa mata da yawa asiri, ni ma ina ɗaurawa. Laifinta yana farawa ne daga lokacin da aka liƙa mata tambarin da ba nata ba.

Akwai kuma haƙƙin wanda ya fara zana abin, shi ne dalilin murƙushe waccan Marsandi. Wannan na san zafinsa a jikina. Na taɓa sayar da 'yan kunnena na buga littafi, ban gama mayar da kuɗina ba na tarar da shi a kan teburin wani mai sayar da littattafai, bango iri ɗaya, sunana a jiki, amma ba bugun da na biya ba ne. Babu harafin da aka canza, duk abin da ke ciki gaskiya nawa ne, amma sata ce. Ashe kwafi yana da tambaya biyu da zai amsa: shin mai abu ya yarda? Shin mai saye ya sani? In duka biyun e ne, sana'a ce, Allah Ya sa albarka. In ɗaya ta zama a'a, to ko na'urar ta kai ina wajen ƙwarewa, ha'inci ne.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wannan. A da ido ne mai gadin mai saye. Mai sayen mota 'yar Kwatano yakan ƙwanƙwasa jikinta ya ji inda fila take, tsohuwa takan murza atamfa ta shinshina ta gaya miki asalinta. Shi ya sa Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To ga zamani ya zo da na'urar da ta fi ido, gani ya daina korar ji. In kwafi ya kai inda ba a gane shi, babu abin da ya rage wa mai saye sai kalmar mai sayarwa. Ashe duk sa'ad da hannu ya ƙara ƙwarewa, nauyin da ke kan harshe ƙaruwa yake. Kuma kada mu ce abin na Turai ne. Wayar da ƙanena ya nuna mini abin da ita, shekara talatin baya wa ya yi mafarkinta a Ajingi? Wata rana jikan mai fanal bitan nan zai riƙe irin wannan na'ura, ya fitar wa tsofaffin Fijo ƙofofin da suka ɓace a kasuwa, kuma zan yi murna da hakan. Fatana dai ya gaji hannun kakansa, ya kuma gaji bakin Kawu.

Da safe na ce wa ƙanena, "Motar jiya ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba ce, mota ce kawai. Sai ranar da za a sayar da ita za a san ko wace ce." Ya yi dariya ya ce na cika wa'azi. Ke kuma 'yar'uwa, kafin ki rufe wannan shafi, duba abin da kike sayarwa, ko man gyaɗa ne, ko turaren wuta, ko labarin 'yarki ga masu neman aure, ki tambayi kanki ko jiƙaƙƙen yana sama.

Allah Ya ba mu ikon kiran abu da sunansa, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, amin.