Sanin Hanya da Sanin Kaya: Tsokaci a Kan Darajar Gogewa

Gabatarwa

A ranar 1 ga watan Fabrairu, 2020, Gwamnatin Jihar Legas ta hana sana'ar acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere. Wannan doka ta sa 'yan acaɓa da dama, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa, suka koma sana'ar kai wa mutane saƙo gida-gida. Shi kansa kamfanin Gokada ya bar ɗaukar fasinja ya koma jigilar kaya. Manufar wannan 'yar muƙala ita ce duba tambayar da wannan sauyi ya haifar: shin iya tuƙi da sanin gari sun isa a damƙa wa mutum kayan jama'a, ko kuwa sai ya taɓa aiki a sito ko a tashar mota?

Kaya Ba Su da Baki

Da farko dai, ya kamata mu lura da bambancin fasinja da kaya. Fasinja yana da baki. Idan an saki hanya zai yi magana, idan gudu ya yi yawa zai tsawata. Shi kuwa kwali ko an danne shi, ko rana ta gasa maganin da ke cikinsa, ba zai ce uffan ba. Saboda haka dole mai ɗauke da shi ya zama bakinsa.

A nan ne gogewa take da rana. Wanda ya taɓa lodi a sito ya san cewa kayan da za a sauke daga ƙarshe su ake fara shigarwa. Ya san ba a ɗora jarkar manja a kan dilar atamfa. Ba ya sa hannu a takarda sai ya ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya. Idan aka biya shi a ƙofar gida, ba ya cakuɗa kuɗin mai kaya da nasa. Taswirar da ke cikin wayar hannu tana nuna hanya, amma ba ta koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Magabatanmu sun fahimci haka. A ƙarni na 19, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su naɗa madugu don ƙarfin ƙafarsa. Sukan duba wanda ya sha tafiya, ya san zango, ya san yadda ake tanadin goro kada ya bushe kafin a iso Kano.

Ina Sabon Shiga Zai Fara?

Duk da haka, akwai hanzari ba gudu ba. Daɗewa a sana'a tana koyar da dabara, tana kuma iya koyar da ha'inci. Wanda ya san yadda ake ɗaure kwali ya san yadda ake kwance shi ba a gane ba. Ashe gogewa ba ita ce amana ba, makami ce kawai a hannun mai amana. Haka kuma, idan kowane mai ɗaukar ma'aikata ya ce sai gogagge, to ina saurayin da ya sauka a Agege jiya zai fara? Rufe masa ƙofa zalunci ne, sakar masa kayan mutane ba horo kuma ganganci ne.

Kammalawa

A ganinmu, mafita tana cikin tsohuwar al'adar tasha, inda direba kan fara da zama yaron mota. A haɗa sabon shiga da gogagge su yi makonni tare, har hannunsa ya faɗa. Gogagge kuma ya tuna cewa shi ma wani ne ya yi haƙuri da shi, don haka saninsa bashi ne da zai biya ga na baya. Da koyo akan iya, kuma babu wanda aka haifa madugu.